Damƙi Biyu Saboda Siami

Litinin, 3 ga Yuni, da yamma

Mun dawo daga jana'izar Biaka. Ruwa ya yi mana duka tun daga ƙauyensu har gida, motar haya ta kafe a laka, maza suka sauka suka tura. Ƙafafuna sun kumbura, amma na kasa zama wuri ɗaya.

Ba a buɗe akwatin ba. Wannan kaɗai zan rubuta a kan akwatin.

Biaka shi ne direban ƙaramin asibitin mishan a ƙasar can, inda 'yata Siami take karɓar haihuwa. Tare ikilisiya ta ɗora musu hannu a Aizawl, babban birnin jiharmu, tare suka hau jirgi. Shi ya dawo. Matasa sun kaɗa ganga, an yi waƙoƙin makoki har muryoyi suka dushe. Da na je yi wa uwarsa gaisuwa sai ta riƙe mini hannu ta ƙi saki. Ta kira sunana da girmamawa, ta ce, "Pi Liani, taki fa? Har yanzu tana can?" Na ce tana can. Ta dube ni kawai. Da ma zagina ta yi, da ya fi mini sauƙi.

Da muka iso na ɗora tukunya. Na auna shinkafa, na ɗebi damƙin Ubangiji na zuba a gwangwaninsa, yadda kowace mace take yi a nan safe da yamma, yadda uwata ta koya mini tun ban iya ɗaura zane ba. Ina rufe gwangwanin sai na tsaya. Shinkafar nan da muke tarawa gida gida, a kai majami'a ranar Lahadi a sayar, ita ke riƙe da Siami a can. Ikilisiyar ƙauyenmu ce ta ɗauki nauyinta, kuma ni ce shugabar masu tara shinkafa a zumuntar mata. Wato da hannuna nake ciyar da ita a inda aka yi wa Biaka abin da aka yi masa.

Laraba, 5 ga Yuni, da hantsi

Siami ta kira. Muryarta garau, kamar wadda ta dawo daga kasuwa.

Na ce, "Ki haɗa kayanki."

Ta ce, "Mama, ko gaisuwa babu?"

"Na gaishe ki. Ki haɗa kayanki."

Ta yi dariya. Wai ɗakin haihuwa cike yake, likitan ya tafi tun makon jiya, daga ita sai mata biyu 'yan ƙasar da take koya wa aiki. "In na tafi, wa zan bar wa su? Ciki ba ya jiran a daina rigima, Mama."

Na ce ni ma ciki na yi na haife ta, ban tsince ta a gindin gora ba. Ta ce, "Ai ke kika tsaya a gaban majami'a kika ce kin ba Ubangiji ni." Na ce na ba shi ne ya yi aiki da ke, ban ce ya... Layin ya yanke, ko kuwa ita ta yanke, ban sani ba.

Taurin kan nan ba daga ni ta ɗauko ba. Babanta ya ce daga ni ne.

Alhamis, 6 ga Yuni, da almuru

Baban Siami ya dawo daga majalisar dattawan ikilisiya, ya rataye lema, ya zauna yana goge tabarau kamar ba shi da labari. Sai da na ajiye masa shayi da ƙarfi ya buɗe baki.

Manyan ikilisiya a Aizawl sun ce duk mai son dawowa daga ƙasar can ya dawo, amma ba za su tilasta wa kowa ba. Sai fa idan ikilisiyar da ta ɗauki nauyin mutum ta ce tana son a dawo mata da shi. To a nan za su ba da umarni, kuma dole a bi.

Na ce, "To kun ce a dawo da ita?"

Ya ce sun tattauna sosai. Na san wannan tattaunawar. Dattawanmu ko akuya ce ta shiga majami'a sai sun kafa kwamiti kafin a kore ta. Ƙarshenta suka ce tunda shinkafar mata ce ke riƙe da ita, mata su yanke. An sa ranar Lahadi ashirin da uku ga wata, bayan sujada.

Na ce, "Kai me ka ce a wurin? Kai ubanta?"

Ya ce, "Ni dattijo ne a can ciki, Liani, ba uba ba." Ya ja mini aya. Ban saurara ba, na fita na ba alade dusa, ko da yake na riga na ba shi.

Juma'a, 7 ga Yuni, da rana tsaka

Ba ta kira ba. Ruwa ake yi.

Asabar, 8 ga Yuni, da sassafe

Yau ban ɗebi damƙin ba. Hannuna ya shiga shinkafar da kansa, ya damƙo, har ya kai bakin gwangwani. Na mai da ita cikin tukunya. Na ji kamar wadda ta yi sata, alhali shinkafata ce, daga gonata.

Ga lissafina. Ba zan iya miƙewa a gaban mata in ce a dawo mini da 'yata ba. Ni da ake kira uwar mai bishara, ni da nake yawo gida gida ina ƙwanƙwasa gwangwanin mutane in ji ko ya cika. Amma in shinkafa ta ragu, magana ta ƙare ba tare da na buɗe baki ba. Sai a ce ba mu da ƙarfin riƙe ta bana, a dawo da ita, kowa ya huta.

A bakin famfo na yi wa mata hannunka mai sanda. Na ce damina ta yi nauyi, rumbuna sun yi ƙasa, kowa ya ji da gidansa tukuna, Ubangiji ba ya fushi da mai yunwa. Suka yi ta kallona suna gyaɗa kai. Na dawo ina ganin na iya.

Lahadi, 9 ga Yuni, da yamma

Ina so in fasa wani abu.

Tun da nake tara shinkafa ban taɓa ganin irin ta yau ba. Kwanduna sun cika, aka kawo buhu, buhu ya cika, wata ta kwance mayafinta aka zuba a kai. Har matan da nake bi ina roƙo, yau su ne a gaba.

Aikin Darkungi ne. Ƙawata tun muna 'yan mata, mai baki ja wur da taunar kuhva, goron ƙasarmu, wadda ba ta taɓa yin abu rabi ba. Ta bi gidaje bayan na bar famfo jiya. Ta tare ni a ƙofar majami'a tana washe baki.

"Ke Liani, kin zaci ba mu gane ki ba? Wai kowa ya ji da gidansa! Kunya ce ta hana ki roƙo don 'yarki ce. To mun yanke, daga yau damƙi biyu. Ɗaya na Ubangiji, ɗaya na Siami. Ko an gudu an bar ta, mu ba za mu bar ta ba."

Mata suka ɗau tafi. Wata tsohuwa da ba ta da kowa sai kaji ta rungume ni tana kuka, ta ce ta rage cin yamma don Siami ta samu.

Na ce na gode. Na faɗa sau da yawa, har da murmushi. Ubangiji ya ga abin da ke cikina lokacin da nake faɗa.

Talata, 11 ga Yuni, da hantsi

Baban Siami ya kunna rediyo, aka ambaci sunan ƙasar. Na kashe. Ya sake kunnawa, na cire batir na jefa cikin kwandon wanki. Ya ɗauki lema ya tafi gidan maƙwabci ya ji a can. Da ya dawo ban tambaye shi ba, shi ma bai faɗa ba. Amma bai taɓa abincinsa ba, har da naman da na gasa masa.

Alhamis, 13 ga Yuni, da yamma

Ba ta kira ba.

Juma'a, 14 ga Yuni, da rana tsaka

Ta kira. Ashe babanta ya gaya mata zancen taron mata.

"Mama, an ce sun ninka shinkafa. Na yi kuka da na ji. Ki gode musu."

Na ce zan gode.

"Ranar taron ke za su kalla. Kin sani. In kika yi shiru ma ya isa."

A bayanta na ji wani abu ya buga, sau biyu, sannan yara suna ihu. Na ce mene ne wannan? Ta ce ƙofa ce iska ta buga. Na haifi yarinyar nan, na san muryarta in tana ƙarya tun tana satar sukari.

Ta ce, "Kada ki yi mini haka, Mama. Don Allah. Ban taɓa roƙonki komai ba."

Gaskiya ne, ba ta taɓa ba. Ko takalmi ba ta taɓa roƙo ba.

Lahadi, 16 ga Yuni, da yamma

Shinkafa ta fi ta wancan makon. An zaunar da ni a bencin gaba. Fasto ya nuna ni daga kan mumbari, wai a dubi bangaskiyar wannan uwa. Na sunkuyar da kai, suka ɗauka tawali'u ne.

Gwangwanina ban kai ba. Na ce na juye tun da safe kafin kowa ya zo. Ƙarya a ƙofar majami'a, ranar Lahadi, da furfurata.

Talata, 18 ga Yuni, da sassafe

Na yi addu'a, ba ta wuce rufin kwano ba. Tsoro nake ji. Na rubuta shi ƙarara ko zai ragu, bai ragu ba.

Laraba, 19 ga Yuni, da yamma

Darkungi ta shigo aron rariya. Ba ta taɓa sallama a gidana ba, yau ma ba ta yi ba. Tana laluben rariyar a cikin kwanuka sai gwiwar hannunta ta ture gwangwanin. Ya faɗi ya yi ta gangara yana ƙara, babu ko ƙwaya ɗaya.

Ta dube shi, ta dube ni. Ta tofar da kuhvar da ke bakinta ta taga.

"Liani. Tun yaushe?"

Na ce ina ruwanki.

"Kai! Wato maganar famfo da gaske kike yi? So kike shinkafa ta ragu?"

Sai kuka ya ƙwace mini. Na ce, "Kun kashe ni da alheri, Darkungi. Kowane damƙi kuka ƙara, ƙusa kuke buga mata a can. Ina kallo kuna buga ta, kuma ina ce muku na gode."

Ta zauna a kan turmi. Can ta ce, "Wayyo mu. Mu a zatonmu ɗaukar miki kaya muke yi. To ke bakinki ciwo yake? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ta ina za mu sani in kina ta yi mana murmushi kamar amarya?"

Na ce ta faɗa a madadina ranar Lahadi. Ta fi ni baki, ana jin maganarta.

Ta ce, "A'a. Wannan kam a'a. In na faɗa, za a ce Darkungi ta ji tsoro, a yi mini addu'a a wuce. Kuma ni ban tabbata kina da gaskiya ba, kin ji na gaya miki. Matan can su ma 'ya'yan wasu ne. In kina so, ki miƙe da ƙafarki. Zan zauna kusa da ke, iyakar abin da zan iya ke nan."

Ta tafi ba ta ɗauki rariyar ba.

Juma'a, 21 ga Yuni, da hantsi

Matan can su ma 'ya'yan wasu ne. Na sani. Na wuni ina sani. Ban san fuskar ko ɗaya a cikinsu ba, ta Siami kuwa na san har tabon da ke ƙarƙashin haɓarta.

Ba ta kira ba.

Asabar, 22 ga Yuni, da almuru

Baban Siami ya ce, "Gobe me za ki ce?" Na ce ni shugaba ce a can ciki, ba uwa ba. Ya gane na rama, ya cire tabarau ya rufe ido da hannu. Na ji tausayinsa, amma ban janye ba.

Lahadi, 23 ga Yuni, da yamma

An yi.

Maza suka fita, mata suka zauna, buhunan shinkafa jingine a gaban mumbari. Matar fasto ta ce ai ba sai an ja magana ba, shinkafar nan ta riga ta ba da amsa. Ta ce uwar mai bishara ta yi mana addu'a a kan baikon, sai a ɗaga hannu a tashi.

Na miƙe. Na rufe ido, na ce "Ya Ubangiji," sai sauran ya maƙale. Na buɗe ido. Na ce, "Ba zan iya sa wa shinkafar nan albarka ba. Babu tawa a ciki, mako biyu ban ɗiba ba. Ina son 'yata ta dawo gida. Ba ni da aya, ba ni da hujja. Na je jana'izar Biaka, na ga uwarsa, ba na son in zama ita. Ita Siami ta roƙe ni kada in faɗi wannan, ku san da haka kafin ku yanke."

Wata daga baya ta ce, "To matan da take karɓa wa haihuwa fa?" Na ce ban sani ba. Ta ce, "Mu da muka rage cinmu fa?" Na ce ku yafe ni.

Matar fasto ta ce cikin sanyin murya, masu son a dawo da ita su ɗaga hannu. Na ɗaga nawa. Ya daɗe shi kaɗai a sama har kafaɗata ta fara ciwo. Sai na Darkungi ya tashi, tana kallon ƙasa, tana gunaguni. Sai na tsohuwar nan mai kaji. Daga nan suka yi ta tashi, iyaye mata galibi. Ba duka ba. Wasu sun naɗe hannu a ƙirji har aka gama, kuma ban ga laifinsu ba. Amma mun fi yawa.

A waje baban Siami yana tsaye ƙarƙashin lema, ya ji komai ta taga. Muka taho gida. A kan gangaren nan mai santsi ya kama mini hannu, bai saki ba sai a ƙofa.

Litinin, 24 ga Yuni, da rana tsaka

Dattawa sun sanar da Aizawl. Yau kam ba a kafa kwamiti ba.

Alhamis, 27 ga Yuni, da yamma

An ba ta umarni. Babanta ta kira, ba ni ba. Ina tsaye kusa da shi, na miƙa hannu, ya girgiza kai a hankali.

A bakin famfo wasu sun daina gaishe ni. Na ajiye shugabancin tara shinkafa kafin a ce in ajiye.

Litinin, 1 ga Yuli, da hantsi

An ce tana hanya. Ba a san ta wace hanya ba. Kwana huɗu ke nan babu wanda ya ji muryarta. In wani abu ya same ta a hanyar da ni na ɗora ta...

Ba zan ƙarasa wannan ba.

Laraba, 3 ga Yuli, da sassafe

Ruwa. Shiru.

Juma'a, 5 ga Yuli, da yamma

Ta iso. Ta rame har wuyanta ya yi tsawo. Jaka ɗaya. Ta rungumi babanta, ta gaida Darkungi, ta gaida maƙwabta ɗaya bayan ɗaya. Ni ta ce mini, "Sannu, Mama," kamar yadda ake gaida mai shago.

Asabar, 6 ga Yuli, da hantsi

Na dafa mata duk abin da take so, ganyen kabewa da tsiron gora da naman hayaƙi. Babanta ya sulale ya bar mu mu biyu a gaban murhu. Ta daɗe tana juya cokali.

Ta ce, "Wa ya fara ɗaga hannu?"

Na ce, "Ni."

"Na sani. So nake in ji daga bakinki." Ta ajiye cokalin. "Ranar da motar ta zo ɗaukata, akwai wata a kan gado. Haihuwar fari, ɗan ya zo a gicciye. Direba ya ce ba zai jira ba, hanya za ta rufe. Na nuna wa yarinyar da nake koya wa aiki inda za ta sa hannu. Matar ta kama mini riga, sai da na ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya. Ban san ko ta rayu ba, Mama. Ba zan taɓa sani ba."

Na tura itace cikin murhu.

Ta ce, "Da kin san da ita, da kin ɗaga hannun?"

Na so in yi mata ƙarya. Na ga tana jira in yi, da ta karɓa, da mun yi kuka tare an wuce wurin. Na ce, "Da na ɗaga."

Ta dube ni kamar yau ta fara ganina. Ta ɗauki kwanonta ta fita baranda, ta zauna a bakin matakala ta ba ni baya. Ban bi ta ba. Ban san ko za ta sake zama ta ci abinci kusa da ni ba, wata ɗaya ko shekara ko har in mutu. Mai naƙudar can kuma kamar ta shigo gidan nan ke nan, da ni za ta kwana da ni za ta tashi.

Daga inda nake zaune ina ganin bayanta ta ƙofa. Kafaɗunta suna hawa suna sauka, tana numfashi, tana kai loma. Na zauna ina kallo har ta cinye.